Anini biyu na gwauruwa: Ita za ta ba coci ko coci ne zai ba ta?

Wannan makon Jihar Taraba za mu leƙa. Idan ka taɓa bin hanyar Jalingo zuwa Wukari, to ka ratsa Mutum Biyu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gassol. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa, inda Fulani da Hausawa da Jukunawa da Wurkunawa da Tibi da Mumuye ke cuɗanya, kuma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa, da ita ake wa'azi a masallatai da coci-coci da dama. Arzikin yankin a ƙasa yake da ruwa: shinkafa, masara, doya, riɗi, ga kuma kifin kogin Binuwai da na Taraba.

Na faro da wannan ne domin ka gane irin dukiyar da magidanci ke bari idan ya rasu a irin wannan wuri. Ba kasafai take zama kuɗi a banki ba. Gona ce ko fadama, buhunan shinkafa a ɗaki, shanun huɗa biyu, babur, injin ban-ruwa, wataƙila da fili a bakin titi wanda takardarsa ba ta wuce yarjejeniyar da aka rubuta a gaban mai unguwa ba. Duk abubuwa ne da za a iya kwashewa a yini ɗaya, ko a wayi gari a ga wani ya sa garma a ciki.

Matan da aka mutu aka bari kuwa ba kaɗan ba ne. Ban da cuta da haɗarin mota, rikicin manoma da makiyaya da ta'asar masu garkuwa da mutane sun raba mata da yawa da mazansu a wannan sashe na Taraba. A duniya baki ɗaya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa sun kai miliyan 258, shi ya sa tun 2011 ake tunawa da su kowace ranar 23 ga Yuni. A Kano za ka ji an ce bazawara, kalmar da ta haɗa da wadda aka saka. A bakin Kiristoci masu jin Hausa kuwa, da cikin Littafi Mai Tsarki, gwauruwa ake cewa, jam'i gwauraye, kuma da ita zan yi amfani a nan.

Abin da nake son mu duba shi ne mutanen da ke zuwa gidan gwauruwa bayan an watse daga zaman makoki, da littafi a hammata da addu'a a baki, amma idonsu na kan rumbu. Addinin Kirista yana da magana a kansu, kuma maganar tana da zafi. Idan kai Musulmi ne, kada ka ce ba ruwanka. Maƙwabciyarka ce, abokiyar cinikin matarka ce, kuma ka san ko a gidajen Musulmi, inda shari'a ta yanka wa matar mamaci tumuninta ko rubu'inta ƙarara, ana samun masu danne mata shi.

Labarin da ake karanta rabinsa

Da wuya a sami Kiristan da bai san labarin gwauruwa mai anini biyu ba. Yana ƙarshen sura ta 12 ta Bisharar Markus, da farkon sura ta 21 ta Luka. Yesu na zaune a Haikalin Urushalima yana kallon masu zuba baiko. Attajirai suka zuba da yawa, wata matalauciyar gwauruwa ta zo ta jefa 'yan tsabar tagulla biyu, ya ce wa almajiransa ta fi kowa bayarwa, domin su daga rarar dukiyarsu suka ciro, ita kuwa abin da za ta ci ne ta bayar duka. Idan an lissafa da kuɗin wancan zamani, abin da ta jefa bai wuce kashi ɗaya cikin 64 na ladan lebura na yini guda ba.

Ranar godiyar kaka ko ranar tara kuɗin gini, wannan labari ne ake yawan jawowa. Mai wa'azi zai ce, idan gwauruwa ta ba da duk abin da take da shi, ke mece ce hujjarki? Sai ka ga tsohuwa ta kwance bakin zane ta ciro kuɗin da ta ajiye na maganin hawan jini.

To amma, mai karatu, koma baya da ayoyi uku kawai. Daga aya ta 38 zuwa ta 40 ta wannan sura ta Markus, Yesu yana gargaɗin jama'a ne game da malaman Attaura na zamaninsa, masu son yawo da manyan riguna, a gaishe su a kasuwa, a ba su kujerar gaba a majami'a da wajen biki. Ya ce su ne ke handame gidajen matan da mazansu suka mutu, sannan su lulluɓe abin da doguwar addu'a don mutane su gani, kuma hukuncinsu zai fi na kowa tsanani. Yana rufe baki daga wannan magana sai ga gwauruwar ta shigo da aninanta. Ana gama labarinta kuma, a farkon sura ta 13, ya ce ginin nan da ake alfahari da shi za a rushe shi ƙasa, abin da sojojin Rum suka yi a shekara ta 70 Miladiyya.

A Luka, rabon surori ne ya ɓoye wannan alaƙa: gargaɗin ya rufe sura ta 20, labarin gwauruwar ya buɗe ta 21. Marubutan farko ba su san da wannan rabo ba, sai a ƙarni na 13 aka yi shi, aikin da ake dangantawa da Stephen Langton, wani babban limami a Ingila. Wanda ya fara karatu daga sura ta 21 ba zai ga abin da ya gabata ba. A 1982 wani malamin Katolika a Amurka, Addison Wright, ya rubuta maƙala yana tambaya ko maganar Yesu yabo ce ko kuwa takaici ne, na ganin tsarin addini ya kai mace ga ba da abincin bakinta. Malamai sun rabu a kan amsar, kuma yawancinsu na ganin akwai yabon zuciyar matar a ciki. Ni dai abin da na riƙe shi ne, ko yabo ne, ita aka yaba. Ba a yabi masu karɓa ba, su an riga an gaya masu abin da ke jiransu.

Ina dukiya ta dosa?

Idan ka bi Littafi Mai Tsarki daga farko, za ka ga a wurare da yawa inda aka ambaci gwauruwa da dukiya, dukiyar wajenta ake tura ta. A Littafin Fitowa sura ta 22 an yi kashedin cewa wanda ya cuci gwauruwa ko maraya, Allah da kansa zai ji kukansu. A Maimaitawar Shari'a sura ta 24 an hana karɓar tufar gwauruwa jingina, an kuma umarci manomi kada ya koma ya ɗauko damin da ya manta a gona, ya bar wa baƙo da maraya da gwauruwa. Mutumin Gassol da ya san kalar shinkafa bayan girbi ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Har zakkar da ake yawan tuna wa mutane da ita, sura ta 14 ta littafin ta ce a kowace shekara ta uku a tara ta a cikin gari, gwauraye na cikin masu ci.

Ikkilisiyar farko ma haka ta yi. Gardamar farko da aka rubuta a cikinta, a Ayyukan Manzanni sura ta 6, a kan rabon abincin gwauraye ce: wani ɓangare ya yi ƙorafin ana tsallake nasu, sai aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas, aka danƙa masu aikin. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti ta nuna har rajistar gwauraye ake yi. A wajen shekara ta 251, Bishop Karniliyus na Rum ya rubuta cewa ikkilisiyarsa na ɗauke da nauyin gwauraye da mabuƙata fiye da 1,500, a lokacin da Kiristoci ke cikin tsanani. Wasiƙar Yakubu kuwa, a ƙarshen surarta ta farko, ta sa kula da marayu da gwauraye ya zama ma'aunin addinin da Allah ke karɓa.

Saboda haka ga ma'auni mai sauƙi. Duk wanda ya shigo gidan gwauruwa da sunan Allah, a duba a gani: bayan fitarsa, kayan gidan ƙaruwa suka yi ko raguwa?

Kafin wani ya ce na yi kuɗin goro, bari in faɗi gaskiya. Yawancin fastoci da masu bishara a ƙauyukan Taraba talakawa ne, da fartanya suke ciyar da iyalinsu kamar kowa. Kuma duk wanda ya ga yadda Zumuntar Mata ke tsayawa a gidan rasuwa, a cocin UMCN ne ko CRCN ko ECWA ko Katolika, da itace da ruwa da girki da kwana, ya san akwai masu aikata abin da aka rubuta. Da waɗanda suka mai da baƙin cikin mace jari nake.

Wani nau'insu shi ne mai gidan addu'a da ba ya ƙarƙashin kowace majalisar coci, babu mai bincikar littafin kuɗinsa. Salon kusan ɗaya ne ko'ina. Zai ce an nuna masa mutuwar mijin ba ta Allah ba ce, kuma abin na nan yana bin 'ya'yan. Mace mai jimami, wadda ba ta barci, me za ta ƙi bayarwa don ta tsare ɗanta? Sai a ce ta shuka iri, ta sayi man shafawa, ta kawo akuya. Idan an biya giratuti ko an sayar da shinkafa, sai wahayin ya ƙara yawa. Wani lokaci abin ya wuce kuɗi, ya kai ga addu'ar dare a ɗaki daga shi sai ita, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa wa kowa ba.

Amma wanda ya fi yawa, kuma ya fi wuyar magana, ɗan gida ne. Wan mamaci ne ko ƙanensa, wataƙila ma dattijon ikkilisiya, shi ya yi addu'ar buɗe taro ranar jana'iza. Bayan mako biyu shi ne zai ce zai riƙe wa marayu gonar, ya karɓi makullin babur, ya kwashe takardu wai don adanawa. Idan ta yi magana, sai a tuna mata cewa Kirista ba ya kai ɗan uwansa ƙara, ta yi haƙuri ta bar wa Allah. Idan ta nace, sai a fara raɗe-raɗin cewa ita ta ci mijin. Zargin maita makami ne mai arha, kuma abin lura shi ne ya fi faɗawa kan matar da aka bar wa abin da ake kwaɗayi. Ga masu cewa ta yi shiru, Luka sura ta 18 na ɗauke da misalin da Yesu ya bayar na gwauruwar da ta dami wani alƙali marar tsoron Allah da zarya har sai da ya bi mata hakkinta, kuma a matsayin abin koyi ya kawo ta.

'Ya'ya ma ba su tsira ba. A Markus sura ta 7, Yesu ya soki masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Ɗan da ke aiki a Jalingo ko Abuja, ana kiran sunansa a coci saboda gudummawar gini, uwarsa kuwa na Mutum Biyu tana cin bashin magani, ya karanta wannan wuri da kyau. Wasiƙar Timoti ta ce wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa ya yi watsi da bangaskiyarsa.

Abin da jiki ke ɗauka

Wannan fili na lafiya ne, don haka dole mu faɗi abin da wannan hali ke yi wa jiki. Rashin miji kaɗai ya isa ya hana barci, ya kashe sha'awar abinci, ya tayar da hawan jini. Likitocin Japan sun bayyana wani ciwo a 1990 da suka kira takotsubo, inda tsokar zuciya ke raunana farat ɗaya bayan mummunan tashin hankali, da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kamar bugun zuciya, kuma ya fi kama matan da suka daina al'ada. Gwauruwar da ta ce ƙirjinta na ciwo asibiti za a kai ta nan take, a yi addu'ar a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa jimamin da ya zarce wata shida yana hana mutum harkokinsa cikin jerin cututtukan da ake yi wa magani. Idan kuwa har ta fara cewa gara ta bi mijinta, kada a bar ta ita kaɗai, a nemi likita a ranar.

Yanzu ka ɗora wa wannan jiki azumin kwana uku ko bakwai ba ci ba sha, wanda wani ya yanka mata. Mai ciwon suga da ke shan magani, sugan na iya faɗuwa ta suma. Mai gyambon ciki zai tashi. Mai shayarwa nono zai ragu. Mafi muni shi ne a ce mata ta zubar da ƙwayoyinta don shan magani rashin bangaskiya ne. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye rabin jiki, kuma mai shan maganin ƙanjamau idan ta tsaya, ƙwayar cutar na farfaɗowa, har ta iya daina jin maganin. 'Yar uwa, duk wanda ya ce ki daina maganin da likita ya rubuta maki, ki tashi daga wajensa, ko wace irin riga ya sa.

Akwai kuma batun gadon mace, inda ɗan uwan mamaci ke ɗaukar matar. Wasu matan da son ransu suke yarda saboda 'ya'ya, wasu kuwa an nuna masu cewa in ba haka ba su bar gidan. Ko ma yaya ne, kada a yi ba tare da gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta ba, su biyun, musamman idan jinya ce ta kashe mijin ba a san kanta ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna Taraba ce kan gaba a Arewa maso Gabas wajen yawan masu ɗauke da ƙanjamau, kuma maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Doka na nan, takarda ake nema

Ranar 11 ga Afrilu, 2014, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci biyu da ya kamata kowace mace ta sani. A shari'ar Anekwe da Nweke, dangin miji a Awka ta Jihar Anambra sun nemi fitar da wata gwauruwa daga gidan mijinta don ba ta da ɗa namiji. Mai Shari'a Clara Ogunbiyi, 'yar Jihar Borno, ita ta karanta hukuncin da ya yi fatali da wannan al'ada a matsayin zalunci. A shari'ar Ukeje kuma kotun ta ce al'adar da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999. Hukuncin Kotun Ƙoli kuwa yana hawa kan kowace kotu a ƙasar nan, har da waɗanda ke Gassol. Dokar hana cin zarafin jama'a ta Tarayya ta 2015 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu ko tarar da ta kai Naira 500,000, ko duka biyun, ga mai gallaza wa gwauruwa da sunan al'ada, kuma yawancin jihohi sun yi irin tasu. Yarjejeniyar Maputo ta 2003, wadda Najeriya ta amince da ita, ta ce gwauruwa na da ikon riƙe 'ya'yanta, ta ci gaba da zama a gidan aurenta, ta kuma auri wanda take so.

Sai dai kotu da shaida take aiki. Ke da mijinki ke raye, ki san inda takardar aurenku take, ki kuma tambaya ko auren rajista ne ko albarka kawai aka sa maku a coci, domin a gaban alƙali ba ɗaya ba ne. Ki san iyakar gonakinku da waɗanda suka shaida sayensu. Kai kuma maigida, rubuta wasiyya ba ya jawo ajali. Sunan magajin da ka cike a takardar banki ba ya mallaka wa kowa kuɗin, sai an samo takardar izinin kula da gado daga Babbar Kotu.

Ke kuma da aka riga aka yi maki rasuwa, ki karɓi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Kada ki miƙa wa kowa ainihin takardu, kwafi ya isa. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maki ba a gaban wanda kika yarda da shi. Ki jinkirta sayar da gona ko ba da babbar kyauta, ko ga coci ne, har hankalinki ya dawo jikinki. Alkawarin da aka sa ki yi kina kuka ba dole ba ne ki cika shi a makon nan, fasto na gari ma shi zai fara ce maki ki dakata. Idan mijinki ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne ko na kamfanin da ke cikin tsarin fansho na adashi, dokar fansho ta 2014 ta wajabta masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ke asusun fanshonsa. Mata da yawa ba su san da wannan kuɗi ba, wasu dangin kuwa sun sani.

Idan sulhun gida da na mai unguwa ya gagara, a Jalingo akwai ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi da na Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam, ga kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, dukkansu suna sauraren marasa ƙarfi. Kada ki tafi ke kaɗai, ki ɗauki ɗaya daga cikin shugabannin Zumuntar Mata ko wata 'yar uwa mai karatu. Idan kuma wani ma'aikacin coci ne ya cuce ki, manyan ɗariku suna da majalisun gunduma da bishop-bishop da ke sama da shi, kuma suna da ikon dakatar da shi.

Ga dattawan ikkilisiya a Mutum Biyu da Tella da garin Gassol, tambayata ɗaya ce: a taron majalisa na gaba, wa zai iya kawo sunayen gwaurayen cocinku a rubuce, da yawan 'ya'yan kowace, da wanda ke noma gonar da mijinta ya bari? Daga abin da aka tara ranar godiyar kaka ta bara, buhu nawa ya shiga gidajensu? Damina ba ta jiran a gama rabon gado. Gonar da ba a yi wa huɗa a kan lokaci ba, a nan ɗan uwan miji ke samun hujjar cewa ba za ta iya ba, ya karɓe. Gayyar yini ɗaya ta matasan coci, da buhun taki guda, sun isa su bar gonar a hannunta a wannan shekara.